Zoben da Kakana Ya Gani a Ƙafar Tsuntsu

Yau ma ga ni cikin laka har gwiwa a fadamar Diggi, sanyi na kaɗa mini haƙora, ina leƙen ƙafafun tsuntsaye kamar zan ɗinka musu takalma.

Zamanin da Turawa ba su daɗe da zuwa ba, kakana yana saurayi ya dawo daga kamun kifi ya rantse ya ga tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa. Gari ya kwashe da dariya, aka laƙaba masa Mai-Zobe. Har yau in mutum ya shara ƙarya, sai a ce masa jikan Mai-Zobe. Makon jiya ɗiyata Hadiza ta dawo makaranta da kuka, an jefe ta da sunan.

Ni da karatuna ya ƙare aji huɗu, sai bana na ji cewa a Turai ana sa wa tsuntsaye zobe, su kuma su gudo nan da sanyi. Amma mutanenmu sai sun gani.

Wani tsohon masunci ya tsayar da jirginsa.

"Ɗana, mi kake biɗa yau kwana shida?"

"Zobe, Baba."

"Na matarka?"

"Na tsuntsu."

Ya daɗe yana kallona. "Jikan wa kake?"

"Mai-Zobe."

"Na ga alama," in ji shi, ya tura jirgi.

Na yi dariya, amma ban tashi ba. Ranar da na ga tsuntsun mai zobe, wannan tsohon zan fara kira shaida, saboda Hadiza.

Wanda ya taɓa ganin irinsa a fadamarsu ya faɗa mini. Wanda bai gani ba ya ara mini rigar sanyi.