Matar da Ta Hana a Wanke Shuɗin Rigar Soja

Bakwai saura kwata Frau Roswitha Tennstedt take jingine kekenta a bayan ɗakin karatu na garinmu a nan Jamus. Sai ta wanke hannu, ta dama ƙullun alkama da take liƙa takarda da shi, sannan ta amsa gaisuwa. Shekara talatin da huɗu ke nan. Ni ce mai tsaron ɗakin masu karatu, ƙofata na kallon ta ɗakin aikinta, don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

Aikinta jinyar tsofaffin mujallu ne, waɗanda suka haura shekara ɗari biyu. A zamanin, idan aka yi zanen zolayar sarki ko minista a Landan, sai masu sassaƙa zane a farantin bugawa na nan Jamus su kwaikwaya, a buga, a kai wa mata gida-gida su shafa launi da hannu. Ba wanda ya rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu. Frau Tennstedt kuwa ta san hannuwansu. Takan ce, "Wannan mai gaggawa ce, da alama yara ke damunta."

Shekara biyu da suka wuce aka shirya baje kolin mujallun. Wani masani ya zo daga Landan, ya buɗe zane guda, wani janar na Ingila mai tumbi yana gudu a gaban sojojinsa, sai ya kwashe da dariya. Ya ce sojan Ingila ja yake sawa, waɗannan kuma duk shuɗi ne, ba makawa wani mai gyara ne ya ɓata shi daga baya. Shugabanmu, Dakta Hennicke, mutumin kirki ne, amma kunyar baƙo ta yi masa yawa. Ya ba da umarni a wanke shuɗin kafin buɗewa.

Ina tsaye lokacin da ya faɗa mata.

"Herr Dakta, launin da aka wanke ba ya dawowa," in ji ta.

"Frau Tennstedt, mutumin nan wannan fannin ne rayuwarsa. So kike a zo daga Landan a yi mana dariya?"

"Sun riga sun yi. Ba mu mutu ba."

"In ba za ki yi ba, akwai mai yi a Leipzig."

Ta ciro makullin ɗakinta ta ajiye a tebur. "Ka ba ni mako uku. In ban kawo hujja ba, ka riƙe wannan."

 Na bi ta har ƙofa ina faɗa, na ce mace saura shekara biyu ki huta, za ki zubar da aiki kan rigar soja? Ta ce, "Frau Oschmann, je ki ga masu karatunki, wani na can yana lasar yatsa yana buɗe shafi."

Hutunta na shekara ta ɗauka. Ta bi jiragen ƙasa zuwa ɗakunan karatu na garuruwan Gotha, Jena da Göttingen, da burodi da cuku a jaka, tana roƙon a fito mata da kwafin wannan fitowar. Ta samu tara. Shida na farko ja ne, kuma duk lokacin da ta kira ni muryarta na ƙara yin ƙasa. Uku na ƙarshe shuɗi ne, irin namu sak, kuma a dukkansu burushin daga dama yake zuwa hagu. Bahaguwa ce guda ta yi su, tun ranar farko. Matar ba ta taɓa ganin sojan Ingila ba. Sojojin da ke wucewa ta ƙofarta shuɗi suke sawa, shi ta sani, shi ta shafa.

Dakta Hennicke ya daɗe yana kallon hotunan kwafe-kwafen da Frau Tennstedt ta ɗauko. Ya ce, "Amma dai kuskure ne."

"Kuskure ne. Nata ne. Shi kaɗai ya rage a duniya da ke nuna ta taɓa rayuwa."

Ya tura mata makullin.

Ke ce, Frau Tennstedt, kika tsaya wa matar da ba ki san sunanta ba, wadda ba za ta taɓa gode miki ba. Mai hannun sanyi, mai taurin kai. Na sha faɗa da ke kan taga da kan shayi, kuma yau ina faɗa a fili, zan yi kewarki ƙwarai. Masu tasowa a wannan sana'a, kafin ku gyara aikin wani, ku yi tattaki ku tambaya tukuna kamar yadda ta yi.

Ranar Juma'a muka yi mata walimar ajiye aiki. Idanunta sun yi rauni, shi ya sa ma ba ta ƙara ko wata guda ba. Bayan an watse ta tsaya gaban akwatin gilashin da zanen janar ɗin yake ciki, ta sunkuya har hancinta na taɓa shi. Ta jima. Sannan ta kamo hannuna.

"Ba na rarrabewa yanzu. Faɗa min gaskiya, shuɗin yana nan?"

Na ce yana nan, shuɗi shar.

Mun gode, Roswitha.