Imel Ɗin Kawu Na Ƙauye Guda

Abin da na fara gani da na shiga shagon cajin Kawu shi ne jan ɗigon nan na kan wayarsa, mai nuna yawan saƙonnin da ba a buɗe ba. Ya jingina wayar da gwangwanin madara, fuskarta na kallon ƙofa, don duk wanda ya shigo ya gani.

Kawu ƙanin Innata ne. Ya taɓa zaman shagon kwamfuta a Kano, shi ya sa duk mai cike fom a ƙauyenmu wurinsa yake zuwa. In aka zo wurin rubuta imel, nasa yake sawa. Mai neman taki nasa, mai neman aikin soja nasa. Ni ma da na nemi makarantar koyon jinya, nasa ya sa mini. Sun ce ta nan za su aiko da ranar ganawa, wadda ba ta je ba kuma ta rasa gurbinta. Ƙawata ta Ɗambatta, da take da nata imel ɗin, tun ranar kasuwa ta samu nata saƙon.

"'Yar Yaya, shigo ki ga ikon Allah," in ji Kawu. "Ko ciyaman bai kai ni samun saƙo ba."

Wani dattijo da ke jiran cajin tocilarsa a kan benci ya ce, "To Injiniya, a cikinsu nawa ka karanta?"

"Babban mutum ba ya karatu, Baba. Aiko masa kawai ake yi."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na gaishe shi, na raɓe jikin ƙofa, na ce Inna ce ta aiko in ji ko akwai labari.

Ya ɗauki wayar yana turawa da babban yatsa, yatsan duk man ƙuli-ƙuli. Na lura da yadda yake zaɓe. Saƙon da ke da hoton mota ko agogo, sai ya buɗe ya nuna wa 'yan benci. Wanda aka ce masa ya ci gadon wani Bature, har sau biyu ya karanta musu. Wanda kuwa rubutu ne zalla ba hoto, sai ya wuce yana cewa, "Surutu." Na makaranta ba ya zuwa da hoton mota, wannan ko ni na sani.

"Babu naki," ya ce, bai ma kai rabi ba. "Gobe Juma'a ma zan share su gaba ɗaya, wayar ta yi nauyi."

Ashe haka yake yi. In ta cika, sai ya share kamar tsakar gida, har da takin mutane da aikin sojansu. Daga baya a ce ba rabo.

A wurinmu yarinya ba ta miƙa hannu ga wayar kawunta, balle a gaban maza. Na yi ta murza gefen hijabina har ya yi ɗumi. Na tuna yadda Babana ya raka ni Ɗambatta ɗaukar hoton fom, ya bar gona ranar shuka.

Na matso daga jikin ƙofa, na ce:

"Kawu, don Allah kafin ka share, ka rubuta sunan makarantar a wurin nema, ka karanta mini duk abin da ya fito. Zan jira."