Benen da Ɗangoggo Ya Cika da Labule

Sana'ata nemo wa gidajen ofis 'yan haya a tsakiyar Abuja, shi ya sa duk benen da na shiga sai na ƙirga ƙofofinsa. Wanda Ɗangoggo yake kula da shi hawa bakwai ne, ofis arba'in da biyu. Biyar kawai ke da mutane. Amma in ka tsaya a titi ka ɗaga kai, sai ka rantse ko lungu ba a bari ba.

Ɗangoggo mutumin Malumfashi ne. Da ƙuruciya ya zo Abuja yana ɗaukar bulo, kuma a aikin wannan benen bayansa ya riƙe. Mai gidan, wani Alhaji mazaunin Kano, ya tausaya masa ya bar shi yana kula da wurin. Ya yi aure, ya kama ɗaki a Mararaba, can wajen gari. Albashin ba ya kai su ko'ina. Abin da ke riƙe da gidan shi ne rumfar matarsa Rakiya, ɗaya daga cikin rumfunan abinci sha ɗaya da ke wani fili a bayan benen. Tuwo da miyar kuka, shinkafa da wake. Direbobi da masinjoji da masu gadin layin duk can suke ci, har da ni.

Labulen dabararsa ce. Alhaji ya taɓa ce masa gidan da aka gani wayam ba ya daraja, mai neman haya zai taya shi a wulaƙance. Sai ya riƙa bin 'yan gwanjo yana tsinto tsofaffin labulaye, kowace taga da launinta. Da safe ya hau, ya yaye wannan, ya saki wancan, ya ɗora tukunyar fure a wata tagar. Allunan kamfanonin da suka tashi tuntuni ma bai cire su daga ƙofa ba, kullum sai ya goge su.

Na ce masa, "Baba, ƙadangaru kake yi wa kwalliya?"

"Kai dai kawo 'yan haya, Oga dillali. Ƙadangarun ma sun fi ka zuwa aiki."

Bara hukumar birnin ta ɗauki wani kamfani ya binciko ko tsakiyar gari na buƙatar ƙarin ofisoshi. Ma'aikaciyarsu, Christina, ta sami Ɗangoggo a bakin get.

"Baba, ofis nawa babu mutum a nan?"

"Alhamdulillahi, gida a cike yake."

"Duka? Ko ɗaya bai rage ba?"

"Sai dai in kina so a sa ki a layi, 'yata."

Lif ɗin gidan ya daɗe da mutuwa, don haka ba ta hau sama ba. Ta ɗaga kai ta ga labule, ta karanta alluna, ta gamsu. Har rumfar Rakiya ya raka ta, aka zuba mata shinkafa kyauta saboda baƙunta.

Shi a ganinsa ba ƙarya ya yi ba. A inda ya tashi, baƙo ba ya tambayar rumbun ubangidanka ka ce masa babu hatsi. Rufin asiri ke nan. Kuma na bincika, masu kula da benaye uku na layin duk amsar da suka ba ta ke nan.

Rahoto ya fito cewa layin ya cika maƙil, ana neman wuri babu. Ba a jima ba aka zo da jan fenti aka zana wa rumfunan nan sha ɗaya alamar rusau, za a yi sabon benen ofisoshi a filin. Ɗangoggo bai haɗa wannan da wancan ba, sai da na zaunar da shi na warware masa. Sai ya ce in nemo masa Christina.

Ta zo. Da ciwon bayansa ya hau da ita matakala, yana buɗe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Ƙura, kashin tantabaru, wayoyin wuta a tsirara.

"Ki koma ki gaya musu ni ne na yi kuskure."

"Baba, an riga an sa hannu. Filin ma an ba wani." Ta leƙa ta taga ta hango hayaƙin rumfuna. "Matarka ce mai shinkafar nan?"

Ya gyaɗa kai. Ta sauka ta tafi.

Ina rumfar lokacin da ya gaya wa Rakiya. Ba ta daina tuƙa tuwo ba.

"Malam, ka rufa wa Alhaji asiri yana Kano a kwance, ka tona namu."

"Wa ya san tambaya za ta zama rusau?"

"Ni dai na san har nama na ƙara mata."

Bayan an rushe, ta gwada dafawa a Mararaba tana kawowa a kula. Cunkoson motoci a hanyar Nyanya yakan riƙe ta har masu ci su watse, in kuma ta iso, ga masu kamen talla a titi. Kula biyu aka ƙwace mata. Ba ta sayi ta uku ba.

Sabon benen ya kai hawa huɗu yanzu, ofis sittin za a yi, kuma ni aka ba neman 'yan haya. Mutum biyu suka tambaya, babu wanda ya dawo.

Rakiya ta sayar da manyan tukwanenta ga wata mai abinci a Kuje, ta kwashi yara za su Malumfashi wurin 'yan'uwa, sai abin da Allah ya yi. Ni na kai su tashar Nyanya a motata. Ɗangoggo ya ɗora musu kaya, ya tsaya har motar ta cika ta tashi. Da muka juyo na ce mu tsaya ya ci wani abu. Ya ce in sauke shi a wurin aiki kawai, babu kowa a bakin get.