Gwaggo Yelwa, dillaliyar da ta kai muryar mata jami'a

Da an idar da sallar asuba, Gwaggo Yelwa takan sha kokonta, ta ɗaure atamfofi da 'yan kunne da kwanukan tasa a tsohon zane, ta ɗora a ka, ta fita. Kafin rana ta take ta zaga rabin Wudil. Ranar da ƙafa ta yi daɗi har Darki takan je. Dillaliya ce, kuma duk gidan da aka rubuta "ba shiga" a zaurensa, ita da sallama ɗaya take wucewa har tsakar gida. A yanzu gwiwa ta ce ta gaji, Gwaggo ta sauke kaya. Shi ya sa na ga ya kamata a faɗi abin da ta yi tun tana ji da kunnenta.

A shekarun baya, bayan babban farin da aka yi, gyaɗa ta ƙi, manoma suka koma wa wake. A lokacin ne wani mai bincike daga jami'a, Malam Isyaku, ya zo da sababbin irin wake kala uku. Ya tara maza a ƙofar gidan dagaci, kowa ya yaba: yana 'ya'ya, yana harawa, yana nuna da wuri. Sai ya ce, "To a tukunya fa, yaya yake?" Aka bushe da dariya. Masu amsar tambayar suna cikin gida, shi kuwa ba shi da hanyar shiga. Dagaci ya ce a kira Yelwa.

Ta zo ta durƙusa ta gaida dagaci, ta dubi buhunan, ta ce, "Malam, ni ba na kai wa mata abin da ban ci ba. Ka ba ni in dafa tukuna. Kuma in sun faɗi magana, ko ba daɗi za ka ji. In ka ji, ka dawo ka gaya musu abin da ka yi da ita."

"Na yarda, Gwaggo," in ji shi.

Haka wake ya shiga cikin kayan talla, ƙulli-ƙulli tsakanin turare da sabulu. Mata suka yi ƙosai, suka yi alala, suka yi ɗanwake. Biyu sun samu shiga. Na ukun, wanda maza suka fi so saboda yawan 'ya'yansa, shi ya sha zagi. Talatu mai ƙosai ta bakin tasha ta ce, "Gwaggo, ki gaya masa fatar nan ba ta fita ko an kwana ana surfe. Ga shan mai, sai ka ce sabuwar motar Alhaji!" Gwaggo ta kai saƙon yadda aka ba ta, har da murguɗa baki. Malam Isyaku ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce wannan shi ne abin da ya zo nema.

Zuwansa na gaba ya kawo mata rikoda, irin wadda ta fara cika kasuwa a shekarun nan na kuɗin mai. Ya nuna mata inda ake dannawa. Mata su yi tambaya a kaset, shi ya amsa a kaset, ita ta zaga da amsar. Ranar da wata tsohuwa ta fara jin muryarta ta fito daga akwati, salati ta saka ta nemi hanyar ɗaki. Wasu magidanta suka ce ba su yarda wani namiji ya ji muryar iyalinsu ba. Gwaggo ba ta yi musu da kowa ba. Sai ta zauna ta saurari matar, ta danna, ta maimaita maganar da bakinta.

Gwaggo, ke ce kika gane cewa ilimin da aka kulle a ofis da matar da ke cikin gida ba sa gaba da juna, hanya ce kawai babu. Kin zama hanyar, Yelwa mai ƙafar alheri.

Amma ba kullum aka yi dariya ba. Wata rana a Lajawa gida guda suka ci wake da shinkafa, aka kwashe su zuwa asibiti suna amai. Kafin Juma'a labari ya cika kasuwa cewa waken jami'a guba ne, kuma Yelwa ce ke yawo da shi. Gidajen da ake shimfiɗa mata tabarma suka koma aiko yara su ce matar gidan tana barci. Sana'arta ta tsaya cak.

Ba ta zauna kuka ba. Ta je gidan da abin ya faru, ta duba marasa lafiya da suka dawo, ta zauna da uwargidan har ta saki jiki. A nan ta ji cewa maigidan ya zuba maganin feshin auduga a buhun don kada ƙwari su ci. Ya yi ne da kyakkyawar niyya, kuma ba shi kaɗai ke yin haka ba. Gwaggo da ba ta taɓa wuce Kano ba ta hau mota, tana tambaya tana ƙarawa, har ta tsaya a ƙofar ofishin Malam Isyaku a jami'a.

"Malam, tashi," ta ce. "Wannan ba ta kaset ba ce. Da ƙafarka za ka zo."

Ya zo, tare da wata ɗalibarsa da za ta iya shiga gidaje. Shi ya yi wa maza bayani a kasuwa, Gwaggo da ɗalibar suka bi mata gida-gida: maganin gona ba ya shiga abinci, a shanya wake ya bushe ƙarau, a zuba a tulu ko duro, a liƙe bakin yadda iska ba za ta shiga ba. Sannan Gwaggo ta sa Talatu ta soya ƙosan waken a bakin tasha, ta zauna a gaban kowa ta ci ta ƙoshi, ta ce a ƙara mata yaji. Direbobi ne suka fara miƙo hannu, sauran jama'a suka biyo.

Bayan damina biyu Malam Isyaku ya cika alkawari. Ya dawo da sabon iri mai yawan 'ya'ya wanda fatarsa ke fita da wuri. Ya ce mata ne suka gyara shi, su raɗa masa suna. Mata suka aiko da amsa ta bakin Gwaggo: An-ji-mu.

Gwaggo, mun gode. Sunanki bai shiga takardun bincike ba, amma yaran da suka daina cin wake mai magani suna nan suna girma. Allah Ya saka miki, Ya ba gwiwa sauƙi. Ku kuma masu bincike, in kun gano abu, ku kawo shi inda za a yi amfani da shi, ku tsaya ku ji abin da za a ce. Mu mutanen gari, in sun zo, mu buɗe baki mu tambaya kamar yadda ta koya mana.

Na je gaishe ta makon jiya, na ce zan rubuta labarinta a jarida. Ta gyara zama ta ce, "Jarida tana zuwa jami'a?" Na ce tana zuwa. Ta ce, "To ka sa a ciki, a gaya wa Malam Isyaku mun gode da wake. Amma kuɓewa har yau tsutsa ke cinye mana ita, muna jiran sa."