Hijabina da Tayar Baya

Abin da na fara lura da shi ranar da na shiga sakandare a Wurno shi ne kekunan da ke jingine a gindin dogon yaro, duk bayansu wayam. Ba jaka, ba ƙunshi, sai igiyar roba a naɗe a kan mazaunin kaya. Nawa kuwa kamar jakin da za shi kasuwa. Na ɗauro littattafan mako guda gaba ɗaya, da famfo, da kwanon abinci, da gorar ruwa, da takalman makaranta a cikin leda, har da wani tsumma da Inna ta ce in riƙa share ƙafa. Na tsaya ina kwance igiya, ina jin kamar duk makarantar ni take kallo. Na so in tambayi wani inda suke ajiye nasu kayan, amma ban iya ba. A lokacin, in na buɗe baki gaban baƙo, muryata a maƙogwaro take tsayawa.

Ƙauyenmu yana gefen Lahodu, kuma a cikin masu zuwa da keke ni kaɗai ce mace. Keken na Baba ne, irin mai sanda a tsakiya, da shi yake kai albasa kasuwa kafin gwiwa ta fara damunsa. Murfin sarƙarsa ya daɗe da faɗuwa. Ba da sauƙi aka bar ni na hau shi ba. 'Yan'uwan Baba sun zo zaure har sau biyu suna cewa ɗiya mace ba ta keta daji a kan keke, balle yanzu da hanya ba ta da tabbas. Baba ya saurare su, ya sallame su, sannan ya kira ni.

"Na yarda ki tahi," ya ce. "Amma buɗe kunnenki. Ran da kinka dawo min da rauni, ko la'asar ta iske ki bisa hanya, rannan keken ga ya koma zaure, ke kuma ki koma wajen Innarki. Ba ni maimaitawa."

Bai maimaita ba kuwa. Ni ce nake maimaita wa kaina kullum da safe.

Masu keke daga ƙauyukanmu ba su tafiya ɗai-ɗai. Ana taruwa a gindin wata tsamiya, wani dattijon malami mai koyar da lissafi ya wuce gaba, ɗalibai su bi shi a jere. Ba a jiran kowa, ba a tsayawa, ba a surutu. Shekarar nan labarin masu babura da bindiga ya cika bakin mutane. Ni ban taɓa ganinsu ba, sai dai na ga yadda mata suke yin shiru a bakin rijiya da zarar an ji ƙarar babur daga nesa. Ga shi ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsawo, ta rufe hanya dama da hagu. Ina tuƙi ina kallon tayar wanda ke gabana, ba na yarda in kalli cikin gona. Saboda nauyin kayana, kullum ni ce ta ƙarshe.

Sai kuma hijabin. Dokar makaranta farin hijabi ne mai saukowa ƙasa da gwiwa, kuma akwai wata Malama da ke tsayawa bakin ƙofa tana duba kowa. Da Inna ta kai yadi wajen tela, sai ta ce ya ƙara tsawon hannu guda, don in girma a cikinsa har in gama makaranta. Haka ake yi wa kayanmu duka a gida, ba wanda ya ga laifin abin. Hijabin ya zo yana sharar ƙasa. Kafin in hau keke sai in tattare gefensa in cusa a ƙarƙashina in zauna a kai. Muddin ina zaune, lafiya lau.

A mako na uku aka kwana ana ruwa. Akwai wani kwari a tsakiyar hanya inda laka take taruwa. Sauran suka keta shi da gudu suka haye. Ni da na shiga, tayar baya ta nutse saboda kaya, keken ya fara tangaɗi. Na miƙe tsaye a kan feda don in danna da ƙarfi. Na manta abin da nake zaune a kai.

Na ji wani abu ya fizge ni ta baya kamar an jefo mini igiya a wuya. Kaina ya ɗaga sama, na ga gajimare, sai ga ni kwance a laka keken a kaina. Gefen hijabin ya shige tsakanin sarƙa da tayar baya ya naɗe sau da yawa, bakinsa kuma ya zame daga haɓata ya shaƙe ni. Na sa yatsu biyu tsakanin ɗinkin da maƙogwarona na samu numfashi. Na juya ido wajen hanya. Bayan rigar ɗalibin da ke gabana na gani yana shan kwana, dawa ta haɗiye shi. Na yi ƙoƙarin kira, abin da ya fito bai wuce kukan ɗan tsako ba.

Wuri ya yi tsit. Ina jin ruwa na ɗiga daga ganyen dawa. Kwanon abincina ya buɗe, wake da shinkafa sun watse, har tururuwa sun fara zuwa. Ina kallonsu, ban san dalili ba. Na san abin da ya kamata in yi shi ne in zare kaina daga hijabin, amma ƙaramar hula ce kawai a ƙarƙashi, kuma tun ina 'yar ƙarama ban taɓa tsayawa a hanya kai buɗe ba. Ina cikin wannan shawara na ji ƙarar babur.

Daga bayana take zuwa, daga wajen daji. Na ja hijabin da ƙarfi, ya yage kaɗan amma bai sake ni ba. Na karanta duk addu'ar da ta zo bakina, rabi-rabi, wata na shiga cikin wata. Na runtse ido. Babur ya iso ya tsaya daidai kaina, ina jin zafin injinsa a ƙafata.

"Subhanallahi! Ɗiyar wa ta wagga? Mi ya same ki?"

Muryar mace ce. Na buɗe ido na ga silifas shuɗi da ƙafa mai lalle. Wata mata ce ta sauko daga bayan mijinta, da buhun wake ɗaure a gaban babur. Ta durƙusa ta duba tayar, ta dubi wuyana.

"Hidda kanki, maza."

Na kalli mijin. Ta gane.

"Kai, Malam, dubi dawa can. Ka ga ta yi kyau bana."

Ya juya baya yana gunaguni cewa za su rasa kasuwa. Ta zare mini hijabin, ta yafa mini rabin mayafinta, ta shiga juya feda baya-baya a hankali tana warware yadin. Da ya fita duka ta ɗaga shi sama, har sai da ta miƙe hannu.

"Wa ya ɗunka miki wanga? Hijabi ne ko labulen ɗakin amarya? Mu ukun ga duk muna shiga ciki, har da waken."

Mijin ya yi dariya yana fuskantar gona. Ni hawaye nake yi. Ta matse yadin, ta mayar mini, ta ƙulle gefen a ƙuguna kamar ɗamara. Suka biyo ni a baya sannu-sannu har muka ga rufin kwanon gidajen Wurno, sannan suka wuce. Ban yi mata godiya ba. Bakina ya ƙi buɗewa, abin yana damuna har yau.

Tsoro na biyu yana jirana a bakin ƙofa. Duk wadda ta zo da kaya masu datti, Malama takan mayar da ita gida da takarda zuwa ga iyayenta. In aka mayar da ni, zan bi hanyar nan ni kaɗai da hantsi, kuma takardar za ta faɗa hannun Baba. Na tura keken ina rakuɓewa jikin katanga. Hijabina rabinsa laka, ga zanen baƙin mai kamar haƙoran zarto, ga yaga a gefe.

"Ke! Mai keke. Zo nan."

Na zo. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta sa bakin tsumagiyarta ta ɗaga haɓata, bakin hijabin ya zame. Ta daɗe tana kallon wuyana.

"Biyo ni."

Ban taɓa shiga ofishin malamai ba sai ranar. Dattijon malaminmu na tsaye a ciki, ƙafa ɗaya cikin takalmin ofis, ɗaya cikin takalmin roba mai laka. Ashe sai da ya iso ya ƙirga mu ya ga babu ɗaya, yana shirin komawa nema. Da ya gan ni ya sauke numfashi ya zauna a benci.

"Malam," in ji Malama, "kai dai in ka wuce gaba kamar liman kake, ba ka waiwaye. Dubi wuyan ɗiyar mutane."

"Na karɓi laifina, Hajiya. Daga gobe bayana za ta bi, ba ƙarshe ba." Ya leƙa ta taga ya ga kekena. "Amma ke ɗiyata, ƙaura kike yi kullum? Mi da mi ke cikin kayan ga?"

Ya jawo wani tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin tebur ya buɗe. Na ga riga a goge a ninke, da hula, da guntun sabulu cikin gwangwanin madara, da ƙaramin tawul da ya koɗe, da buroshin takalmi. A ƙasa akwai famfo babba da sabon tiyub a naɗe, an barbaɗa masa hoda don kada ya manne. Har garin kwaki da ƙuli-ƙuli a leda, saboda ranar da ruwa ya tsare shi.

"Duk wanga nan shika kwana," ya ce. "Rigar ga ba ta san hanyar garinmu ba, sai ran Alhamis in kai ta wanki." Ya zaro wata 'yar jaka daga aljihu, ba ta kai tafin hannu ba. Faci ne a ciki, da gam, da cokula biyu da aka dandaƙe bakinsu don ɓanɓare taya. "Wanga kaɗai ke bi na. Littafin da za ki karanta yau shi za ki ɗauka, saura su zauna. Takalma su zauna. Ruwa akwai shi nan. Babban hijabin ma shi zauna, ki hau da ƙarami."

"A'a, Malam," Malama ta katse shi. "Ba mai wuce ƙofata babu hijabin makaranta. In na bar ɗaya, gobe kowa da uzurinta."

"To bar ta ta zo da shi, ran nan mu tsince ta cikin taya."

Malama ta harare shi. Ta buɗe kabad ɗinta, ta daɗe tana jujjuya kaya, ta fiddo wani hijabi da wata tsohuwar ɗaliba ta bari, yana warin kafur. Ta miƙo mini in sa a madadin mai lakar. Ta matsar da wasu fayiloli a shiryayye na ƙasa har wuri ya samu kamar faɗin faranti.

"Nan ne naki. Ki zo da ƙarami, ki shigo nan kai tsaye ki sauya kahin kowa ya gan ki. In na ji labarin ga bakin wata, na hwasa." Ta lakato man kaɗanya daga wani ƙaramin kwalba ta shafa mini a wuya. Hannunta da taushi, ban zata ba. "Ba ni ba ki takarda yau. Tahi aji."

Ya kamata in ji sanyi a raina. Amma a bayan ƙofar kabad ɗin akwai guntun madubi, kuma da ta buɗe na ga kaina. Jan layi ne ya taso daga ƙarƙashin kunne zuwa ɗaya kunnen, ya kumbura, wani wuri har fata ta saluɓe. A makaranta hijabi zai rufe shi. A gida kuwa ni ce mai kai wa Baba ruwan alwala, da ɗankwali kawai a kaina, kuma Baba mutum ne da yake gane albasar da ta fara ruɓa tun tana cikin buhu. Zai gani. Zai tambaye ni, ni kuma na san bakina, zan tsaya ina kallon ƙasa har ya yanke hukunci.

Ban motsa ba. Malama ta riga ta zauna ta buɗe rajista. Malam yana ɗaura igiyar takalminsa. Ina jin bugun zuciyata a daidai inda man yake.

"Mi kuma?" ta ce, ba ta ɗago ba.

Na haɗiye yawu, ya yi mini zafi.

"Malama, takardar nike so."

Ta ajiye biro ta dube ni.

"Don Allah ki rubuta wa Babana. Ki ce mishi tsawon hijabin ne ya ja, ba tuƙina ba, kuma daga yau nan za shi riƙa kwana. Ki ce Malam ya ce bayanshi zan bi." Na ci gaba da sauri don kada muryata ta tsaya. "Kuma don Allah ki rubuta da ajami. In da boko ce, ni za shi ba in karanta mishi, kuma ba ni iyawa gabanshi. Ina son shi karanta da idonshi."