Bindigar da Na Tsinta a Bakin Ƙofa

Ni da ƙanena Bitrus a Kafanchan aka haife mu, amma duk hutun ƙarshen shekara Madakiya ake kai mu wurin Kaka, mahaifiyar babanmu. Lokacin tonon citta ne, gidan duk ya ɗauki ƙamshinta, har ruwan randa sai ka ji yana ɗan yaji. Da an ci tuwon acca, tun kaji ba su gama shiga akurki ba, sai ta hura wuta a tsakar gida ta binne gwaza a toka. Ni ce babba, ni ke zama kusa da ƙafarta, kuma ban taɓa bar wa Bitrus wurin ba ko da kuka zai yi. Halina ke nan tun ina ƙarama, ba na ɓoyewa: ina son gaba, kuma na tsani a taimake ni.

Kaka da yarenmu na gida take tunani. Hausarta ta kasuwa ce, kuma saboda mu 'yan gari da yaren ya kuɓuce mana take wahalar da bakinta da ita. Kafin ta fara sai ta ce, "Wa ya zo da kunne?" Mu ce, "Mun zo da biyu-biyu." Ta ce, "To a buɗe shi, baki kuma a rufe."

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa, ta wa da ƙane a shekarar yunwa. Ƙanen maharbi ne, kibiyarsa ba ta kuskure. Wan kuwa tarko kawai ya iya, tarkon ma ya daina kamu, ga 'ya'ya suna kwana da ruwa a ciki. Sau uku ƙanen yana aika masa da nama, sau uku yana mayarwa, wai shi ba zai ci daga hannun yaron da ya goya ba. Sai ƙanen ya daina aikawa. Tun da asuba yakan riga kowa fita, ya harbo zabuwa, ya je ya sa ƙafarta a tarkon wansa. Wan ya zo ya ɗauka, ya shigo gari yana buga ƙirji wai daji ya san shi.

Wata rana wan ya yi sammako fiye da kullum. Daga bayan wata ɗorawa ya hango ƙanensa a durƙushe yana ɗaure zabuwa a tarkon. A nan Kaka takan tsaya ta juya gwaza, mu kuwa kamar mu mutu. Sannan ta ce, "Bai yi magana ba. Ya koma gida a hankali, ya kwanta. Da rana ya fito, ya je ya ɗauka zabo, ya shigo gari yana waƙa. Shi ke nan, wuta ya kwanta, labari ma ya kwanta."

Ni haushi ƙarshen nan yake ba ni. Ba faɗa, ba godiya, wannan wane irin mutum ne? Bitrus ne, yana ɗan shekara bakwai, ya taɓa tambaya, "Kaka, ai zabuwar da ramin kibiya a jikinta. Tun ranar farko bai gani ba?" Ta dube shi ta cikin hayaƙi ta yi dariya har da tari. "Kai ɗan ƙarami ka gani, kana cewa shi da ya fige gashi bai gani ba?" Daga nan ta raba mana gwaza ta ce a rufe ido a yi addu'a. Ina kewar waɗannan yammacin ƙwarai, har da hayaƙin da ke sa mu hawaye.

Shekara biyu ke nan da Kaka ta rasu. Bitrus yana aiki a Fatakwal, ya ce an hana shi hutu, bai zo jana'iza ba. A gaban mutane na kira shi a waya na ce masa daga yau Kaka ba ta da jika namiji. Tun ranar ban sake ɗaga wayarsa ba. Baba ya yi magana, Fasto ya yi. Da Kirsimeti ya aiko min atamfa ta hannun direban bas, na mayar da ita a ledarta. Ina son ƙanena, ina kuma ganin yana nisa da ni kullum, amma bakina ya ƙi lanƙwasuwa.

Kwatsam bana sai ga saƙonsa. Ba ban haƙuri, ba gaisuwa mai tsawo. "Sista, sauke gem ɗin nan a wayarki. Ana yi mutum biyu, ba ni da na biyu." Ni malamar firamare mai shekara arba'in, ina ni ina harbe-harbe? Amma na sauke, don wannan ne abu na farko da ya aiko wanda ba kyauta ba.

Ga yadda wasan yake. Za ka zaɓi mutuminka, a ba ka tsohuwar bindiga, a jefa ka cikin kangon wani birni da dodannin ƙarfe suka cinye. Duk dodon da ka kashe sai ya zubar da ganima: bindiga, harsashi, rigar sulke, magani. Launi ke faɗin darajar kaya. Fari tarkace ne, kore dama-dama, shuɗi mai kyau, ruwan zinare kuwa sai mai rabo. Da kayan kirki ake hawa mataki, a fuskanci dodon da ya fi.

Matsalata ta farko gadon gida ce. Mu da muka tashi da kalar citta a bayan masu tono, ba a koya mana tsallake abin da ke ƙasa ba. Komai na gani sai na ɗauka, har jakar mutumina ta cika ya koma tafiya kamar keke mai lodin doya a hawa. Dodanni kuwa suka mai da ni abin karin kumallo. Ranar Asabar da la'asar muke yi, iyafis a kunne, muryar Bitrus tana zuwa tana yankewa.

"Sista, abeg zubar da fararen nan. Ba kasuwar Kafanchan za ki kai su ba."

"Kai dai kula da naka."

Iyakar hirarmu ke nan: hagu, dama, gudu, ga shi a bayanki. Sau bakwai na mutu a Asabar ta biyu, na ce masa na gaji, wannan shirme ba nawa ba ne. Ya ce in ƙara mako ɗaya. Na san idan na goge wasan, babu sauran abin da zai haɗa muryata da tasa.

Mako na uku sai sa'a ta buɗe. Yakan ce, "Bari in duba gaba, ki zo a hankali." In na iso bakin wata ƙofa sai ga shuɗiyar riga a yashe. Can gaba ga magani. Na fara cika baki har a ɗakin malamai. Ranar da na tsinci bindiga ruwan zinare kuwa ihu na yi, maƙwabciyata ta leƙo tana tambaya ko lafiya.

Ina cikin juya ta ina sha'awa sai idona ya kai kan harsashinta. Rabi ne. Duk bindigar da dodo ya zubar cike take zuwa, wannan kam na riga na koya. Na waiga, babu gawar dodo ko ɗaya a wurin. Can gaba ga mutumin Bitrus a tsaye yana jirana, riƙe da wata koriyar bindiga da ko ni na fi ƙarfinta.

Zuciya ce ta fara taso min. Yatsana har ya hau maɓallin da ake yar da kaya. Wato yaron nan ya mai da ni abar tausayi? Sai na ji dariyar Kaka da tarinta, na kasa dannawa.

Shekara talatin ina ɗauka tatsuniyar nan ta ƙanen ce, mai kirki, wan kuwa sakarai. A kan tabarmar ɗakina na gane Kaka da wan take. Ɗaure zabuwa a tarko ba wuya ga mai zabuwa. Abin da ke da wuya shi ne ka san inda ta fito, ka haɗiye girmanka, ka sunkuya ka ɗauka, don kada ɗan'uwanka ya rasa hanyar da ta rage masa zuwa wurinka. Wataƙila Kaka ta daɗe da karanta jikarta, shi ya sa ta yi ta maimaitawa ina zaune a ƙafarta.

Na saɓa bindigar. Na ce da ƙarfi, "Kai, Bitrus, yau ma na yi sa'a."

Ya ɗan yi dariya, irin wadda ba ta fita duka. Muka bi wani dogon lungu. Sai ya tsaya.

"Sista."

"Na'am."

"An yi wa kabarin Kaka siminti?"

"Ba a yi ba."

"Me ya sa? Ai Baba ya ce tun bara za a yi."

"Ni na hana," na ce. "Na ce kada a taɓa sai ka zo ka sa hannu."

Mutuminsa bai motsa daga inda ya tsaya ba, nawa ma haka. Wani ƙaton dodo ya ɓullo daga ƙarshen lungun, muna kallonsa yana tahowa. Ya same mu a tsaye ya kashe mu duka biyu, ba wanda ya yi harbi ko sau ɗaya.