Mutumin da Ya Tsare Ƙofa da Gaisuwa

Kowace ranar kasuwa, kafin masu albasa su gama sauke buhuna, Baba Patrick ya riga ya ajiye bencinsa a gindin dogon yaro. Malamin asibiti ne, mutumin kudancin Kaduna. Ya zo ƙasar Goronyo da baƙin gashi, ga shi zai ajiye aiki da furfura. Kayansa ba yawa: abin awon jini, da na awon suga, da kunne. Ya ɗaura maka a dantse, ya matsa roba, ya sunkuyo kamar mai sauraren jijiya. Mu samari muna wucewa muna cewa tsohon nan ba ya gajiya da matsar hannun mutane.

Ashe ba jijiya kaɗai yake saurare ba.

A wannan ɗan sunkuyon ne magidanci ke raɗa masa abin da ba ya iya faɗa wa ɗan'uwansa na ciki ɗaya: ƙarfinsa na namiji ya ja baya, gida ya fara tsami. A nan ba a kiran abin da sunansa. Sai a ce sanyi, ko basir, ko ciwon baya. Baba Patrick ba ya dariya, ba ya ɗaga murya. Ya auna, sau da yawa ya tarar suga ce ko hawan jini ke cin mutum ta ƙasa, ya tura shi wurin likita. Duk wanda ya hango ka a bencin, awo ya gani.

Ban san haka ba sai ranar walimar sallamarsa, da Sale, wani manomin albasa daga Taloka, ya miƙe ba wanda ya kira shi.

"Jama'a, yau zan hwaɗi abin da ba a hwaɗi," in ji shi. "Kowa shi riƙe hulatai."

Bara, bayan an kwashe albasa, wani baƙo ya kama shago a bayan kasuwa, da wani inji mai juyawa. Ya ce sabon ilimi ne. A ɗebi jininka, a juya shi a inji, a mayar maka da shi ta allura a gabanka, jijiyar da ta mutu ta sake tsiro. Ba ƙwaya, ba sassaƙe, jininka ne da kanka. Sale ya waiga dama da hagu, ya shiga.

Bayan 'yan kwanaki wurin ya kumbura, ya yi baƙi. Ya kwanta, ya ce wa kowa masassara ce. Ana kawo masa jiƙo yana sha, alhali yana ruɓewa a ƙarƙashin zane. Matarsa Kulu ce ta kasa haƙuri, ta iske Baba Patrick a asibiti.

"Baba, abin da ad dami mai gidana ya wuce masassara. Ɗakin har wari shikai."

Ya ɗauki abin awonsa ya hau babur. Ya tarar da masu dubiya cike da ɗaki, ya ce musu awo zai yi, a ba su wuri. Da ya ɗage zanen, mutumin da ya ɗaure raunukan harbi bayan harin 'yan bindiga sai da ya ja da baya.

"Baba, bar ni in mutu da mutuncina," in ji Sale.

"Mutuncinka na hannuna, ba ya faɗuwa. Tashi."

A ranar ya kai shi Sakkwato. Likitoci suka ce da an ƙara jinkiri, ba maganar shimfiɗa za a yi ba, maganar likkafani za a yi.

Da Sale ya kawo nan, na ga dattawa suna kallon takalmansu. Na ga wani ya ajiye lomarsa.

Ashe da saura. Baba Patrick ya je shagon da ƙafarsa. Ya ga kwalaben jini a jere, babu mai suna. Ya ga allura ɗaya tsome a kofin ruwan ɗumi. Jinin wa ake zuba wa wa? Allah kaɗai ya sani. Ya kai ƙara wurin manya, aka ce ya kawo wanda aka cuta. Sunan yana bakinsa, ya haɗiye. Aka ce ai kishin sana'a ne ke damunsa. Ya haɗiye wannan ma. Mai injin ya san garkuwarsa: ba namijin da zai tsaya gaban jama'a ya ce ga inda aka soke shi.

Kasuwa ta zagayo, sai Baba Patrick ya ɗauke bencinsa daga gindin dogon yaro, ya dasa shi a bakin ƙofar shagon. Duk wanda ya lallaɓo, sai ya ji an kira shi da ƙarfi.

"A'a, Alhaji! An kwana lahiya? Ina iyali? Awo ka zo? Zauna, zauna."

Wa zai ce a'a? Mutum ya zauna, ya miƙa dantse. Baba ya sunkuyo, ya gaya masa a kunne cewa likitoci na binciken irin wannan magani, amma ba a bayan kasuwa ba, ba kuma da allurar kowa da kowa ba.

Mai injin ya fito yana huci. "Kai tsoho, duk faɗin kasuwar nan ba ka ga wuri ba?"

"Inuwarka ta fi sanyi," in ji Baba.

Ba a jima ba mutumin ya kwashe kayansa. Mu da muka gani da idonmu, mun zaci inuwar ce da gaske.

Baba Patrick, kai ne rijiya mai murfi. Kai ne ka ɗauki kunyar da ke kashe maza, ka mai da ita ƙyaure. An zage ka a kan sirrin da ba naka ba, ba ka buɗe baki ba. Mutane nawa ke yawo yau da ransu saboda gaisuwarka? Ba za mu sani ba, don kai ba ka faɗa, su kuma ba sa iya gode maka a fili. To, mun gode a madadinsu. Allah ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa wa mazan ƙasar nan.

Ku malaman asibiti masu tasowa, ku koyi sunkuyawa. Ku iyayenmu maza, a je a yi awo, a faɗi ciwo da sunansa. An ce an ga irin injin nan wajen Rabah, kuma mai shi ya ji labarin wa zai ajiye aiki.

Sale ma ya ji. Shi ya sa bai zauna ba sai da ya roƙi abu ɗaya.

"Baba, in za ka tahi, bar man bencin."

"Kai da ba ka iya awo ba?"

"Ban iya awo ba," in ji Sale. "Amma na iya gaisuwa. Kuma ni ba ni da sauran abin ɓoyo."